Madaidaicin zafi da batirinsa: hanyar gano ɓacin wuta a firjin allurar rigakafi mai aiki da rana a ƙasar Imanan

Taƙaitawa

Wannan ƙasida tana bayanin yadda na'urar daidaita zafi ke aiki, da dalilin da ya sa yawancin ɓacin da ake ɗora mata ke fitowa daga wutar da ke ciyar da ita. An fara da misalin na'urar gida ta zamani a Amurka, sannan aka koma kan firjin allurar rigakafi mai aiki da hasken rana, irin wanda gidajen likita na karkara ke dogara da shi a ƙasar Imanan. An kawo matakan bincike bi da bi, tare da kalmomin Hausa da muke ganin sun dace da wannan fanni.

0. Gabatarwa

Imanan ƙaramar hukuma ce ta karkara cikin gundumar Filinge, jahar Tilaberi. Babban garinta shi ne Bonkuku, bisa hanyar da ta taso daga Yamai, ta ratsa Balayara, ta nufi Filinge da ƙasar Kurfai. Tana cikin kwarin Dallol Boso, inda ruwa ba shi da nisa ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa ta yi suna wajen noman rani, musamman dankalin Turawa. Abzinawa da Zabarmawa da Hausawa suna zaune tare a wannan yanki.

A ƙauyukan da wayar lantarki ba ta kai ba, na'urar daidaita zafi mafi muhimmanci tana cikin firjin gidan likita. Dokar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ajiye allurar rigakafi tsakanin digiri 2 da digiri 8 na ma'aunin Selsiyus (+2 °C zuwa +8 °C) a wannan mataki. In zafi ya zarce, allurar shan-inna ta ɗigawa a baki da ta ƙyanda suna rage ƙarfi. In sanyi ya kai ga daskarewa, allurar cuta biyar a haɗe da ta tetanus suna lalacewa, kuma narkewa ba ta mayar da su yadda suke. Uwar da ta taso daga rugga mai nisa da jariri a baya ba ta da hanyar sanin ko abin da aka yi ma ɗanta yana da sauran ƙarfi.

Manufarmu biyu ce. Ta farko, a bayyana ma malamai da ɗalibai hanyar bincike mai tsari, wadda ma'aikacin jinya zai iya bi da ƙaramin ma'aunin wuta kafin mai gyara ya iso daga Filinge ko Yamai. Ta biyu, a gwada Hausa cikin wannan aiki. Jami'armu tana ɗauke da sunan Abdu Mumuni Joffo (1929-1991), masanin kimiyyar hasken rana wanda ya shugabanci ofishin ONERSOL daga 1969 zuwa 1985, kuma ya yi ta kiran a koyar da ilimi cikin harsunan ƙasa.

1. Kalmomin aiki

Abin da Faransanci ke kira *thermostat*, masu gyara suna ce da shi tarmosta. Mu za mu ce madaidaicin zafi, bisa tsarin sunayen kayan aiki kamar ma'auni da mabuɗi. Ɗan abin da ke jin zafi cikin firji (*sonde*) shi ne majiyi. Allon da ke mayar da hasken rana wuta, wanda ake ce ma pano ko sola a kasuwa, mun kira shi farantin rana. *Régulateur de charge* kuwa mai tsaron caji ne, domin aikinsa shi ne hana batir cika fiye da kima da hana shi ƙarewa ƙaf. Injin da ke tura iskar sanyi shi ne kwamfaresa.

Akwai abu biyu da kalmar « wuta » ke haɗewa, dole a raba su. Ƙarfin turi (*tension*) ana auna shi da bolt. Yawan gudu (*intensité*) ana auna shi da amfer. In an kwatanta da tankin ruwa na fanfo, tsawon tankin bisa ƙasa shi ne ƙarfin turi, ruwan da ke fita ta bakin fanfo kuma shi ne yawan gudu. In an ninka bolt da amfer sai a sami wat. In an ninka wat da awa sai a sami wat-awa, watau adadin wutar da aka tara ko aka ci.

2. Yadda madaidaicin zafi ke aiki

Madaidaicin zafi makunni ne da zafi ke sarrafawa. Ba ya yin sanyi da kansa. Yana tambayar majiyi, ya gwada amsar da iyakar da aka sa masa, sannan ya ba kwamfaresa izinin tashi ko tsayawa. Ana barin ɗan rata tsakanin iyakar tashi da ta tsayawa, alal misali ya kunna a +6 °C ya kashe a +3 °C, don kada injin ya riƙa tashi yana mutuwa kowane minti.

Tsohon iri yana da siririn bututu mai iska a ciki. In zafi ya ƙaru iskar ta kumbura ta danna makunni, ba tare da cin wuta ba. Sabon iri na lantarki ne: majiyinsa ɗan ƙwaya ne da ke canza tirjiya ga wuta gwargwadon zafi, akwai allo mai nuna lamba, da ƙararrawa, wani har da hanyar aika saƙo ta layin tarho. Wannan iri ya fi daidaito, amma yana da buƙatar da tsohon ba shi da ita, watau shi kansa sai an ciyar da shi da wuta dare da rana. Daga nan ne matsalar da muke bayani ta samo asali.

3. Darasin na'urar Nest

A shekarar 2011 kamfanin Nest, wanda Tony Fadell da Matt Rogers suka kafa a Amurka, ya fitar da madaidaicin zafi na gida mai haɗuwa da intanet, mai koyon lokutan shiga da fitar masu gida. Google ya sayi kamfanin a 2014. Injinan ɗumama gida na Amurka suna aika umurni ta siraran wayoyi masu bolt 24. Tsofaffin gidaje da yawa ba su da wayar da ake kira « C », wadda ke ba madaidaici wuta koyaushe. Don haka na'urar tana da ƙaramin batir a ciki, tana ɗan tsotsar wuta daga wayar umurni ta cika shi, galibi lokacin da injin ke hutawa. In batirin ya sauka ƙasa da wajen bolt 3,6 sai ta yanke haɗinta da intanet don ta yi tattali, in ya ƙara sauka allon ya mutu.

A watan Janairu na 2016, cikin tsakiyar sanyi, mutane da dama sun farka sun tarar da gidajensu sun yi sanyi ƙarara. Wani sabon tsarin aiki da aka aika ma na'urorin ta intanet a Disamba 2015 ya riƙa zuƙe batirin. Injin ɗumama lafiyarsa lau, amma babu mai ba shi umurni. Ɗaya daga cikin hanyoyin gyaran shi ne a cire na'urar daga bango a yi mata caji da wayar USB kamar tarho.

Masu gyara a can sun san wani abu kuma. Sau da yawa allon madaidaici yana mutuwa ne saboda ɗan fis ya ƙone cikin injin ɗumama, ko makunnin tsaro ya yanke wutar bolt 24. Mai gida ya ga alama a bango, ya sayi sabon madaidaici, bayan kwana kaɗan shi ma ya mutu. Ƙa'idar da muka ɗauko daga wannan misali ita ce a bi wuta daga mafarinta zuwa ƙarshenta, madaidaici ya zama na ƙarshen tuhuma.

4. Yanayin Imanan da kayan wuta

Jerin kayan firji mai batir haka yake: farantin rana, mai tsaron caji, batir, fis da wayoyi, akwatin lantarki na kwamfaresa, madaidaici da majiyi. Yanayin yankin yana taɓa kowane ɗaya.

Zafi shi ne na farko. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana yakan wuce +40 °C. Lambar wat da ke rubuce bayan faranti an auna ta ne lokacin da farantin ke +25 °C. Kowane digiri ɗaya da ya ƙaru yana rage wajen kashi 0,4 zuwa 0,5 cikin ɗari. Farantin da ke kwance bisa rufin kwano da tsakar rana yana iya kaiwa +65 °C, ya yi asarar kashi 16 zuwa 20 cikin ɗari, daidai lokacin da firji ya fi buƙatar wuta. Batirin dalma kuma an ƙiyasta rayuwarsa a +25 °C, kuma kowane ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana raba wannan rayuwa biyu. Batirin da aka ce zai yi shekara shida, in yana zaune cikin ɗaki mai +35 °C, a sa ran shekara uku.

Na biyu ƙura. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu yana rage hasken da ke isowa, ƙurar kuma tana kwanciya bisa gilashi, ba ruwan saman da zai wanke ta sai damina. Tana toshe ƙarafan bayan firji da ke fitar da zafi.

Na uku sanyin dare na lokacin ɗari. Ma'aikacin da ya murɗa madaidaici zuwa ƙarshe a watan Mayu, ya manta, zai iya daskarar da allura a watan Janairu. Wannan ɓarna ta fi ta zafi ɓoyuwa, don mutane suna ɗaukar yawan sanyi alamar firji mai kyau.

Na huɗu nisa. Rashin tsaron da ya addabi jahar Tilaberi tun daga 2017 ya ƙara wahalar zirga-zirga bisa hanyoyi, mai gyara ba ya isowa ranar da aka kira shi.

5. Matakan bincike

*5.1. Takardar awo*

Kafin a taɓa waya, a karanta takardar da ake rubuta zafin firji safe da maraice, da ma'aunin kwana 30 irin su Fridge-tag, wanda ke ajiye mafi zafi da mafi sanyi na kowace rana. Yana nuna gargaɗi in zafi ya wuce +8 °C har awa 10 a jere, ko in ya sauka ƙasa da -0,5 °C har minti 60. Lokacin da ɓacin ke faruwa yana nuna wajen da za a duba. In firji na sanyi da rana amma da asuba ya yi ɗumi, batir ko cajinsa ake tuhuma. In ɗumin na zuwa da tsakar rana, a duba ƙura bayan firji, da robar murfi, da yawan buɗewa. In sanyi ya yi yawa dare da rana kuma kwamfaresa ba ya hutawa, a nan ne madaidaici ko majiyi ke shiga tuhuma. A kuma tambaya: me ya canza cikin makon? An ƙara fitila? An kawar da firjin? An zuba ma batir ruwa?

*5.2. Farantin rana*

A hau a duba da ido. Ƙura, kashin tsuntsu, ko inuwar reshen gawo ko dogon-yaro da ya tsiro bayan an kafa farantin, duk suna rage wuta. Ƙwayoyin faranti a jere suke kamar igiya ɗaya, don haka inuwa bisa ƙwaya ɗaya tana iya rage aikin jeri duka. A wanke da ruwa mai tsabta da tsumma mai laushi da sassafe, kafin gilashi ya yi zafi. Imanan tana wajen digiri 14 arewa da tsakiyar duniya, shi ya sa ake karkata faranti wajen digiri 15 yana fuskantar kudu.

Da hantsi a cire wayoyin faranti daga mai tsaron caji a auna. Faranti mai ƙwaya 36, na tsarin bolt 12, ya kamata ya nuna wajen bolt 19 zuwa 22 in ba a haɗa shi da komai ba. In ya nuna sifili, waya ta tsinke ko akwatin bayan faranti ya ƙone. Sai dai bolt mai kyau bai isa shaida ba, don faranti mai ƙura ma yana nuna bolt kusan daidai. Yawan gudu ne ke faɗuwa. Wanda ya iya, ya auna amfer da tsakar rana ya gwada da lambar da ke bayan farantin.

*5.3. Mai tsaron caji*

Lokacin caji, batirin bolt 12 yana hawa har wajen bolt 14,4, sannan mai tsaro ya sauke shi ya riƙe a wajen 13,5 zuwa 13,8. Waɗannan lambobi na +25 °C ne. Batir mai zafi yana buƙatar ƙasa da haka, kimanin bolt 0,004 ga kowane ɗaki ga kowane digiri. Batir yana da ɗaki shida, don haka a +40 °C ragin zai kai 15 × 6 × 0,004, watau bolt 0,36. Ƙaramin mai tsaro na kasuwa wanda ba ya jin zafi zai ci gaba da tura 14,4, ruwan batir ya yi ta tafasa yana ƙafewa. In ana zuba ruwa kowane mako, ko batir ya kumbura, a nan za a duba.

Mai tsaro yana kuma yanke kaya in batir ya sauka wajen bolt 11,5. Wannan yankewa kariya ce. Kuskuren da ya fi kashe batir shi ne a gaji da yankewar a ɗaure firji kai tsaye bisa kawunan batir. Wajen kwancewa ana fara cire faranti, sannan batir. Wajen ɗaurewa batir ne farko.

*5.4. Batir*

Batir kamar rumbu ne: ba a ɗiba fiye da abin da aka zuba. Batirin dalma da ya huta ƴan awowi, in ya cika yana nuna bolt 12,6 zuwa 12,7. A rabi yana nuna wajen 12,1 zuwa 12,2. Ƙasa da 11,9 ya kusa ƙarewa. Ratar da ke tsakanin cika da ƙarewa ba ta kai bolt ɗaya ba, shi ya sa ake buƙatar ma'auni mai nuna lamba.

Awon tsakar rana yana ruɗi, don wutar faranti ce ake gani. Lokacin awo shi ne da asuba kafin rana ta fito, sau ɗaya kwamfaresa na tsaye, sau ɗaya yana aiki. Batir mai lafiya yana sauka kaɗan in injin ya tashi. Wanda ya mutu yana faɗowa nan take. Alamar batirin da gishirin dalma ya toshe ita ce saurin cika: da hantsi ya riga ya kai bolt 14, mai tsaro ya nuna kore, amma kafin tsakar dare ya ƙare. Ya zama ƙaramin rumbu ke nan. Wannan cuta tana kama batirin da aka bari kwana da kwanaki bai cika ba.

A batir mai murafu, ruwa ya rufe faranta na ciki. Ruwan da aka tace ta hanyar tururi kaɗai ake zubawa. Ruwan rijiya, ko da ya yi garau, yana ɗauke da gishirin ƙasa da ke ɓata faranta. Ba a ƙara asid. Ba a haɗa sabon batir da tsoho, don tsohon zai ja sabon ƙasa. Batirin mota an yi shi ne don ya ba da wuta mai yawa na daƙiƙa kaɗan, ba ya jure zuƙewar kowane dare. Batir mai caji yana fitar da iskar haidirojin mai kamawa, saboda haka ba a kusantarsa da ashana ko taba, kuma a cire zobe da agogon ƙarfe kafin aiki.

*5.5. Wayoyi da fis*

A tsarin bolt 12 siririyar waya tana cin wuta sosai. A ɗauki firji mai nisan mita 10 daga batir, watau mita 20 zuwa da dawowa. Wayar tagulla mai kaurin milimita murabba'i 2,5 tana da tirjiyar om 0,14 a wannan tsawo. In amfer 5 na gudu, bolt 0,7 sun ɓace a hanya. In kaurin 6 ne, asarar ba ta kai bolt 0,3 ba. Lokacin tashin injin gudun ya fi haka, asarar ma ta fi. Don haka a auna a wuri biyu lokaci guda: kan batir da bakin kwamfaresa. In bambancin ya wuce rabin bolt, akwai siririyar waya, ko kusa mai sako-sako, ko tsatsa. Farin gari ko kore bisa kan batir ana wanke shi da ruwan bikarbonat, a goge, a ɗaure, a shafa man basilin. Fis da ya ƙone ana maye shi da mai lamba ɗaya. Wanda ya naɗa masa waya ko takardar azurfa ya cire kariyar gobara ne.

*5.6. Kwamfaresa*

Firjin rana da yawa suna aiki da kwamfaresa BD35F na kamfanin Danfoss, wanda sashensa na kwamfaresa ya koma sunan Secop a 2010. Akwatin lantarkinsa yana tsayar da injin in turi ya sauka zuwa bolt 10,4, ba ya barinsa tashi sai ya koma 11,7, in ba a canza saitin ba. In an sa masa ɗan ƙwan gargaɗi, yawan ƙiftawa yana faɗin cutar: sau ɗaya, batir ya yi ƙasa, sau biyu, fanka na jan wuta fiye da kima, sau uku, injin ya kasa tashi, sau huɗu, ya kasa riƙe mafi ƙarancin gudunsa, sau biyar, akwatin ya yi zafi. Injin da ke yunƙurin tashi ya tsaya, ya sake yunƙuri bayan kamar minti ɗaya, mafi yawan lokuta wuta ce ba ta isa gare shi ba. A koma 5.4 da 5.5.

*5.7. Madaidaici da majiyi*

In an tabbatar wuta ta isa, sai a gwada madaidaici. A akwatin BD35F yana ɗaure tsakanin ƙafa C da ƙafa T. In mai gyara ya haɗa ƙafafun biyu da guntuwar waya injin ya tashi, laifin na madaidaici ne ko wayarsa. Gwaji ne na minti kaɗan. In aka bar wayar a wurin, injin ba zai huta ba, allura ta daskare kafin safiya.

Majiyin da aka fi samu yana da tirjiyar om 10 000 a +25 °C. A tsoma shi cikin kofin ƙanƙara da ruwa, wanda zafinsa 0 °C ne. Ya kamata tirjiya ta hau wajen om 27 000 zuwa 33 000, gwargwadon irinsa. In lambar ba ta motsa ba, ko ta nuna a buɗe, majiyi ya mutu ko ɓera ya ci wayar. A kuma duba ko yana wurinsa, don majiyin da ya zame ya taɓa bangon ƙanƙara zai riƙa kashe injin da wuri.

A firji mai madaidaicin murɗawa, ana saita shi yadda ma'auni zai nuna +2 °C zuwa +5 °C da asuba, lokacin mafi sanyi. Daga nan ba a sake taɓa shi don an kawo sabuwar allura ko don wuta ta ɗauke ta dawo.

6. Misalin lissafi

A ƙaddara gidan likita mai firjin da ke cin wat-awa 500 a yini. Batirinsa na bolt 12 ne, amfer-awa 200, watau wat-awa 2 400. Don ya daɗe, rabi kaɗai ake ci, 1 200. Zai riƙe firjin kwana biyu da ɗan ɗori ba rana. A ƙaddara kuma ana cajin tarho 20 a rana, kowane wat-awa 10, jimla 200, ga telebijin mai wat 60 na awa huɗu da dare, 240. Kayan sun tashi daga 500 zuwa 940, kusan ninki biyu, farantin kuwa bai ƙaru ba. Batir ba zai ƙara cika ba, gishirin dalma ya kama shi, bayan ƴan watanni a ce tarmosta ya lalace.

Ba za a yi watsi da buƙatar mutane ba. Ungozoma mai karɓar haihuwa da dare tana buƙatar fitila, manjo yana buƙatar tarho don kiran motar ɗaukar marar lafiya. Mafita ita ce a kafa ƙaramin faranti da batir dabam don fitila da tarho, a bar na firji ma firji kaɗai.

7. Allura lokacin da firji ya tsaya

Bincike ba ya jiran allura ta lalace. In gyara zai wuce ƴan awowi, a kwashe ta cikin akwatin sanyi a kai firji mafi kusa. Robobin ƙanƙara ana barinsu waje har ruwa ya fara motsi a ciki kafin a jera su kusa da kwalabe.

Don sanin ɓarnar zafi akwai ɗan tambarin da ke jikin kwalba, wanda aka fara sa ma allurar shan-inna a 1996. Murabba'i ne cikin da'ira. In murabba'in ya fi da'ira haske, ana amfani. In launinsu ya zama ɗaya ko ya fi ta duhu, a jefar. Tambarin ba ya nuna daskarewa. Wannan sai gwajin girgizawa: a ɗauki kwalba ɗaya ta rukuni guda a daskarar da ita da gangan, a bari ta narke, a girgiza ta tare da wadda ake tuhuma, a ajiye su gefe da gefe. In garin wadda ake tuhuma ya kwanta da sauri kamar na wadda aka daskarar, ta lalace. Gwajin yana aiki ga allurai masu sinadarin alminiyom, kamar ta cuta biyar da ta tetanus. Ba ya aiki ga allurar shan-inna ta tsirawa, ko da yake ita ma daskarewa na ɓata ta.

8. Firji marar batir

Da yake batir ne ya fi saurin mutuwa cikin jerin, masu ƙira sun nemi cire shi. A firjin da rana ke turawa kai tsaye, kwamfaresa yana aiki da rana ya daskarar da ruwa cikin wani sashe na jikin firjin, wannan ƙanƙara ta riƙe sanyi da dare da kwanakin hazo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da irinsa na farko a 2010, kuma shi ne aka fi ba ƙasashen Sahel shawarar saye a yanzu. Madaidaicinsa a rufe yake daga masana'anta, ba a murɗa shi.

Wannan ya kawar da matakai 5.3 da 5.4, sauran suna nan. Shirun injin da dare al'adarsa ce, kada a ɗauke shi ɓaci. Sabon firji yana buƙatar kwanaki kafin ƙanƙararsa ta haɗu, ba a sa allura sai ma'auni ya zauna. Ƙura bisa faranti ta fi yi masa illa, don injin ba ya tashi sai haske ya kai wani mizani. Akwai kuma ƙaramin batir da ya rage, na ma'aunin kwana 30, wanda ba a canzawa, yana ƙarewa bayan kimanin shekara uku. A rubuta ranar ƙarewarsa a bango, a nemi sabo tun da sauran lokaci.

9. Kammalawa

Mun nuna cewa madaidaicin zafi na lantarki yana rayuwa ne bisa wutar da wasu kaya ke kawo masa, don haka binciken ɓacinsa yana farawa daga takardar awo da farantin rana, ya bi ta mai tsaron caji da batir da wayoyi, kafin ya iso gare shi. Kayan da ake buƙata ba su da yawa: ma'aunin wuta mai lamba, ruwan batir, fis na ajiya, tsani da tsumma.

Sauran aiki yana kan harshe. Littattafan da ke zuwa da waɗannan firji da Faransanci ko Ingilishi suke, mai gadi ko ɗan kwamitin lafiya da ke wanke faranti kuwa Hausa ko Zabarmanci ko Tamashek yake ji. Kalmomin da muka kawo a sashe na 1 shawara ce. Muna fatan ɗalibai za su kai su gaban masu gyaran sola na Filinge da Bonkuku da Balayara, su rubuta waɗanda aka gane nan take da waɗanda aka ƙi, da kalmomin da masu sana'ar suka riga suka ƙirƙiro, don a tsara takardar bincike mai shafi ɗaya da za a liƙa kusa da kowane firji.